Tayar Akori-Kura a Hanyoyin Gobir

Duk wanda ya san ƙasar nan da ta shimfiɗu daga Goronyo zuwa Sabon Birni, ta gangara Isa har ta dangana da Shinkafi, ya san cewa ba manyan motoci ne ke riƙe da rayuwar kasuwanninta ba, domin su iyakarsu bakin kwalta, nan suke tsayawa su jira a kawo musu. Wadda ke kutsawa ƙauyuka ta ɗebo gero da wake daga bakin rumbu, ta kwaso albasa daga fadamar Rima, ta kai tumaki kasuwa, ta ɗauko kayan ɗakin amarya, wani lokaci kuma ta sheƙo da mai naƙuda asibiti cikin dare, ita ce ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira akori-kura. A da Fijo 404 da 504 ne suka yi wannan hidima, tun zamanin da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna cikin 1975. Yanzu kuwa Hilux da danginta sun karɓe ta. Mutanen Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle da Turba da Bafarawa ba su bukatar a ba su labarin darajar wannan mota.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga masu irin waɗannan motoci, watau mutum ya kashe dukiya mai yawa a kan inji, ya zuba masa mai na ƙwarai, ya kai shi wurin makanike da zarar ya ji ƙara ta sauya, sa'an nan idan aka zo batun taya sai ya nemi mafi arha a kasuwa, alhali kuwa ita kaɗai ce gaɓar motar da ke taɓa ƙasa, kuma ta hanyarta ne burki ke kamawa, sitiyari ke juya mota. Wannan sakaci yana da haɗari a ko'ina. Amma a gabashin Sakkwato haɗarinsa ninki biyu ne, domin kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ya san abin da ya sa hanyar Gundumi ta daɗe mutane suna gudunta. Motar da taya ta tsayar da ita rabin sa'a tsakanin gari da gari, rana tana shirin faɗuwa, ta jefa rayukan da ke cikinta a abin da ya fi asarar lokaci nesa ba kusa ba.

Mas'alar ta fara ne daga irin ƙasar da tayar za ta taka. Direban da ya tashi daga wani ƙauye na kan iyaka, ta wajen Maraɗi, zai fara da jigawa mai zurfin rairayi. In damina ce ya faɗa taɓon fadama inda Bunsuru da Gagare ke malala kafin su zuba cikin Rima. Ya ratsa gefen gonaki inda kututturen da aka sare da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke jiran gefen taya. Daga bisani ya hau kwalta mai ramuka masu kaifin baki, wadda a watan Afrilu, sa'ad da zafin iska kansa ke wuce digiri 40, ba a iya tsayawa a kanta ba takalmi. Duk wannan a tafiya guda, da kaya a baya. Tayar da aka ƙera domin ƙaramar motar birni ba a yi ta don ta jure ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko da kuwa girmanta ya yi daidai da wili.

Akwai wani asali da ya kamata a fahimta kafin a shiga shagon mai taya, kuma da yawa daga direbobin da suka tsufa a kan sitiyari ba a taɓa yi musu bayaninsa ba. Ba roba ce ke ɗaukar kaya ba, iskar da ke ciki ce. Aikin roba da zaren da wayar ƙarfen da ke cikinta shi ne su tsare iskar nan, su ba ta siffa. Duk sa'ad da taya ta juya, ɓangaren da ya zo ƙasa yakan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi, sa'an nan ya miƙe idan ya tashi. Tayar Hilux kuwa, idan mota tana gudun kilomita 100 a sa'a, tana juyawa kamar sau 12 a kowace daƙiƙa. Kowace lanƙwasa tana haifar da ɗan zafi a cikin jikin robar. Idan iska ta isa, kaya kuma bai wuce kima ba, lanƙwasar kaɗan ce, zafin yana fita kamar yadda yake shiga. Idan kuwa iska ta gaza, ko lodi ya yi yawa, ko gudu ya tsananta, balle a ce duka ukun sun haɗu a kan kwalta mai zafi da tsakar rana, sai zafin ya taru har ya raunana haɗin da ke tsakanin roba da waya, su fara rabuwa daga ciki inda ido ba ya gani, har ranar da tayar za ta tarwatse gaba ɗaya. Mafi yawan abin da muke kira fashewar taya ba ƙusa ce ta jawo shi ba. Zafi ne, kuma an daɗe ana tara shi kafin ranar.

To, da yake haka al'amarin yake, masu ƙera taya sun rubuta a gefen kowacce iyakar abin da za ta iya, rubutun kuma ba ado ba ne, shaida ce da kamfani ya bayar a kan kayansa. A ɗauki misalin tayar da aka saba gani a ƙarƙashin Hilux ta aiki, wadda aka rubuta mata 205R16C 110/108, da 8PR a kusa. Lamba 205 faɗin tayar ne da milimita, harafin R yana nuna irin saƙar da aka yi wa zarenta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ita a 1946, 16 kuma faɗin wili ne da inci. Wannan duk mai saye ya sani, domin in ya kuskure tayar ba za ta shiga ba. Abin da ake tsallakewa shi ne sauran. Harafin C a ƙarshen lambar, ko haruffan LT a wasu tayun, shi ke nuna cewa an ƙera ta domin motar ɗaukar kaya, da gefe mai kauri da zare mai ƙarfi. Wadda ba ta da ɗayansu, galibi ta motar shiga ce. Lambar da ke gaban PR ita ce darajar ƙarfin jikinta, 6 ko 8 ko 10, kuma ko da yake a zamanin da adadin shimfiɗun zaren auduga take nufi, yau ma'auni ne kawai na yawan iskar da tayar za ta iya riƙewa. Ga motar da ke lodin hatsi, ƙasa da 8 bai kamata ba.

Amma lambar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce 110 ɗin nan, domin ita ke faɗin nauyin da taya guda za ta ɗauka. Akwai jadawali da duk kamfanonin duniya suka yi ittifaƙi a kansa: 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 106 kilo 950, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400. Inda aka rubuta lambobi biyu, ta farko ta tayar da ke ita kaɗai ce a gefenta, ta biyu kuwa ta motar da ake jera wa taya biyu-biyu a baya. Harafin da ke bin lambar shi ne iyakar gudu, Q kilomita 160 a sa'a, R 170, S 180, wannan kuwa bai cika zama abin damuwa a hanyoyinmu ba. Yanzu mai karatu ya yi lissafi tare da ni. Tayun baya biyu masu lamba 110 za su ɗauki kilo 2,120 a haɗe, bisa sharaɗin an cika musu iska yadda aka rubuta. A ƙaddara cewa bayan motar da kansa, ba kaya, ya ɗora musu kilo 800. Saura kilo 1,320, watau buhu 13 na gero mai kilo 100, domin kusan duk nauyin abin da aka zuba a bayan akori-kura a kan tayun baya yake sauka. Wannan fa iyakar tayar ce, ita motar kanta masu ƙera ta sun yi ta ne domin kamar tan guda, buhu 10 ke nan. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwar Shinkafi ya ga buhu nawa ake ɗorawa, ya kuma ga mutum nawa ke hawa bisa buhunan, ba sai na faɗa masa inda lissafin ya kai ba.

Kakanninmu fatake da suka yi safara da raƙuma da jakuna tsakanin Gobir da Katsina da Azbin sun san cewa kowace dabba tana da mizanin kayanta, kuma wanda ya ƙara mata a bisa wannan, zango na farko za ta kai lafiya, na biyu ma wataƙila, amma akwai zangon da za ta durƙusa ta ƙi tashi, a wurin da ba shi ne ya zaɓa ba. Haka taya take, sai dai ita ba ta kuka balle a ji tausayinta. Na san dabarar da ake yi, a kai mota gareji a ƙara mata ganyen sifirin har bayanta ya ɗaga sama, mai mota ya ga ba ta ƙara sunkuyawa, ya tabbata a ransa cewa ta zama babbar mota. Sifirin ya hana jiki taɓa taya, gaskiya ne, amma bai rage wa tayar kilo ko ɗaya ba, bai ƙara wa burki ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya kauri ba. Haka nan wanda ya sayi taya mai lamba 120 bai mayar da motarsa mai ɗaukar tan uku ba. Abin da ya samu shi ne rata tsakanin lodinsa da iyakar tayarsa, ratar nan kuwa ita ake nema, domin ita ce ke cinye zafin rana da dukan rami.

Kada kuma a ɗauka cewa taya mai ƙarfi alheri ce zalla. Ta fi nauyi, saboda haka mota takan ƙara shan mai kaɗan. Ta fi tauri, saboda haka idan ba kaya fasinja yakan ji kowane rami a ƙugunsa. Mafi girman sharaɗinta kuwa shi ne iska. Tayar 8PR irin wadda na ambata ba ta kai ga cikakken ƙarfinta sai an ba ta wajen 65 a gejin da masu faci ke aiki da shi, kuma an rubuta wannan adadi a gefenta tare da nauyin. Wanda ya saye ta ya ba ta 35, kamar ta ƙaramar mota, sa'an nan ya yi mata lodi, ya biya kuɗin ƙarfin da bai amfana da shi ba, kuma kaurin jikinta zai sa ta fi siririyar tara zafi. Hanya madaidaiciya ita ce a duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda masu ƙera motar suka rubuta awon iska na gaba da na baya, da kaya da ba kaya, a ƙara wa na baya idan za a yi lodi, ba tare da an haura abin da aka rubuta a jikin tayar ba. Awo kuma da safe ake yinsa, taya tana sanyi. Akwai wata al'ada da nake roƙon direbobi su bari, ita ce mutum ya tsaya a tsakiyar tafiya ya taɓa taya ya ji ta yi zafi ta yi tauri, sai ya sace mata iska wai kada ta fashe. Ƙaruwar nan ta iska masu ƙira sun san da ita, sun bar mata wuri. Wanda ya rage ya ƙara lanƙwasa ne, ya ƙara zafin da yake gudu. Wuri ɗaya ne rage iska ke da hujja, shi ne cikin zurfin rairayi, inda taya mai laushi ke shimfiɗuwa ta hau bisa yashi maimakon ta tona shi, wannan ma da tafiya sannu, da niyyar mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Batun zane ba shi da wuya. Akwai na kwalta mai laushi, akwai na taɓo mai manyan haƙora, akwai matsakaici da ake rubuta wa AT. Mai manyan haƙora yana burge ido, yana kuma da amfani a fadama cikin Agusta, amma a rairayi tono yake yi har mota ta zauna a kan cikinta, a kwalta kuma ga ƙugi ga saurin cinyewa. Ga motar da ke bin dukan hanyoyin nan a mako guda, matsakaicin ya fi dacewa.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne shekaru. Roba tana tsufa ko an yi aiki da ita ko an ajiye ta a shago, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta tsufanta, har ta bushe ta fara tsattsagewa alhali zanenta na nan cike. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, tsarin da ake bi tun daga 2000; 2321 ke nan mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana shela cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Manyan kamfanoni kuwa cewa suke a riƙa kai ta a duba kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya ta yi kyau. A ganina, wanda motarsa ke kwana a rana a ƙasar Gobir, tana ɗaukar abin da muka lissafa, ya fi masa aminci ya karkata ga ƙaulin da ya fi tsanani.

Nan ne muka iso ga tayun gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tun daga nan kasuwa ta koma dogaro da abin da aka shigo da shi, sababbi masu tsada da tsofaffi masu arha. Tsofaffin kuwa, ko da yake suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su, babu garin da ba a jibge su a bakin titi ba. Taya ce da wani a Turai ya cire don ya ga ta gama masa aiki, aka cusa ta cikin 'yar'uwarta don a rage kuɗin jirgi, abin da ke iya karya wayar bakinta, aka wanke ta aka shafa mata baƙi. Cikinsu har akwai na hunturu, waɗanda aka yi da roba mai laushi domin ƙanƙara, ana gane su da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan zanensu. Irin wannan a kwaltar Isa cikin bazara ba ta daɗewa. Kada wani ya ce fashewar taya musibar talaka ce kaɗai: ran 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar bayan motarsu ta fashe tana cikin gudu ta ƙwace ta wuntsila. In haka ta faru ga motar gwamnati marar lodi, mai buhu ashirin a kan 'yar Kwatano sai ya yi wa kansa hisabi.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a babin ciniki cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani a hajarsa, ɓoye shi algus ne, mai saye kuma yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano. Ban ga abin da zai fitar da taya daga wannan hukunci ba, sai ma ƙarin nauyi, domin aibin tufa kuɗi yake ci, aibin taya kuwa rai. Wanda ya goge lambar shekara, ko ya sa wuƙa ya zurfafa zanen da ya suɗe don ya yi kama da sabo, ya san abin da ya aikata. Mai mota shi ma amana ce a wuyansa, tun da fasinjan da ya hau bisa buhu bai duba taya ba, ya dogara ne ga wanda ya karɓi kuɗinsa. Idan abu ya auku mukan ce ƙaddara ce, kuma haka ne, babu mai tsere wa abin da Allah Ya hukunta. Amma babu malamin da ya karantar da cewa tawakkali yana kankare wajibcin riƙon sababi, ko yana ɗauke alhaki daga wanda ya ga kumburi a gefen tayarsa da safe ya ce a yi lodi.

Na san amsar da mai mota zai ba ni, ita ce tsada, kuma amsa ce mai ƙarfi, domin sababbin tayu huɗu na iya cinye ribar watanni. Sai dai a yi lissafin kuɗin da kilomita, kada a yi shi da ranar saye: gwanjo uku da aka sauya cikin shekara, da kuɗin faci, da ranakun kasuwar da aka rasa, da albasar da ta ruɓe a hanya, sau da yawa sun haura kuɗin sabuwa guda. Wanda bai iya huɗu ba ya sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ya sa su a baya, inda nauyi yake, inda kuma fashewa ke sa mota ta juya da mutum. Ya matsar da mafi kyawun tsofaffin gaba. Kada a haɗa iri biyu mabambanta a ƙafafun gaba ko a na baya, mota mai jan ƙafa huɗu kuma tana son duka huɗun su zo daidai a girma. Zane idan ya kai ga ƙananan tudun nan da aka dasa a cikin kwarinsa, watau saura milimita 1.6, ya gama aikinsa, mai bin taɓo kuwa tun kafin nan ya rabu da shi.

Saura mai faci, wanda a wurare da yawa shi ne likitan taya kuma shi ne muftinta. Hujin ƙusa ko ƙaya a tsakiyar zane yana gyaruwa, in an cire tayar daga wili an duba cikinta an lika daga ciki. Yanka a gefe, ko kumburi, ba shi da magani, domin zaren da ke riƙe da iska ne ya tsinke, kuma cusa tib a ciki ko ɗinke wurin ɓoye ciwon ne kawai. Safaya ta zama irin sauran a ƙarfi, da iskarta, da jak mai aiki, da guntun katako da za a ɗora jak a kai cikin rairayi. Wanda ke shiga ƙauyukan nesa ya ɗauki biyu, da famfo. In taya ta fashe ana tafe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a danne burki sai mota ta lafa. Gejin masu faci da yawa ya tsufa ya daina faɗin gaskiya, wasu ma da dukan ƙarfe suke awo, su saurari ƙara. Ina ganin shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Sabon Birni da Isa za su iya sayen geji mai kyau ɗaya-ɗaya, kuɗinsa bai kai na buhun gero ba, su damƙa shi ga wanda ke rubuta lodi, ya zama ba motar da za ta bar tasha da kaya sai an auna tayunta na baya an duba lambar shekararsu.